Rumfar Inna Lantana

A Rafin Kanya, tun kafin a kawo mana kwalta, akwai wani gida a bakin hanyar kasuwa mai mutum biyu kacal: Inna Lantana mai waina da ɗanta Nomau. Nomau ƙato ne, ya ba talatin baya, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya, ka tafi Kano ka shekara, nan za ka dawo ka same shi. Darnin kara ne ya kewaye gidan. A ƙofa kuma akwai rumfa mai ƙafa huɗu da rufin kwano, wadda marigayi mahaifinsa ya kafa da hannunsa. A ƙarƙashinta Inna take suya kowace safiya, da ita suke ci suke sha. Ni kuwa, Ɗan'azumi Fenta, shagona yana kallon su. Aji biyu na yi a sakandare, na ga malaman ba su da sauran abin da za su koya mini, na bar musu makarantarsu. Duk allon shagon da ke garin nan ni na rubuta shi, kuma duk tsiyar da aka taɓa shukawa a unguwar, in ka tona da kyau, za ka ga hannuna.

Wata rana aka mai da garinmu hedikwatar ƙaramar hukuma, sai ga wani ma'aikacin tsara gari, Malam Haladu, da tef ɗin awo da gwangwanin jan fenti. Ya auna daga tsakiyar hanya, ya girgiza kai, ya zana wani karkataccen gicciye a kwanon gaba na rumfar. Da ni aka ba aikin, da ko rushewar ma ta yi kyan gani.

"Inna, sannu da aiki. Rumfar nan ta ci hanyar gwamnati, kuma ba ku da takardar izini."

"Ɗana, lokacin da aka kafa ta, hanyar nan jaki biyu ba sa iya giftawa."

"Ni dai aiko ni aka yi. Duk abin da ke ɗauke da jan nan, nan da sati huɗu rushe shi za a yi."

Nomau yana tsugune yana fasa ice, ya ji. Malam Haladu na ba da baya, Nomau ya hau rumfar, ya cire kwanon mai jan, ya ɗora a ka, sai sakatariya. Ya shiga ofis da shi a karkace, ya shimfiɗa a kan tebur, ya ture kofin shayi.

"Ranka ya daɗe, ga mai jan. Na ce kada ku sha wahalar zuwa. Sauran duk na duba, babu ja a jikinsu."

Washegari aka yi ruwan safe, ya zuba daidai kan tanda, wainar Inna ta koma kunu. Malam Haladu kuwa ya dawo ya shafa wa ƙafafun rumfar ja, duka huɗun, har da dakalin zama.

Wata rana kuma ya dawo ta kan darni. Ya ce, "Kai Nomau, darnin gidan nan naku, ka ja shi baya taku biyar." Nomau ya ce to. Da Inna ta tafi gaisuwar suna, ya tuge darnin gaba ya ja shi taku biyar. Sannan ya tsaya ya yi tunani: ai darnin gida aka ce, kuma gida gefe huɗu gare shi. Ina zaune ina kallo ya zaga baya. Wani ne da ya hana shi. Ni kuwa na gyara zama, na aika a sayo mini gyaɗa. Da la'asar maƙwabcinsu na baya, Malam Cindo, ya dawo daga gona, ya ɗauki buta ya nufi bayan gida, sai ya ci karo da darni. Gwandarsa, turken akuyarsa da makewayinsa duk sun koma gidan Inna.

"Nomau! Ina makewayina?"

"Yana cikin gidanmu, Baba. Ka zago ta ƙofa, ka yi sallama."

Malam Cindo ya zago ɗin, don lalurar ba ta jira, amma sallamar da ya yi ba ta addini ba ce. Sai da mai unguwa ya zo aka mai da darnin baya inda yake. Na gaba aka bar shi a sabon wurinsa, maganar darni ta mutu. Saura rumfa.

Wata rana Inna ta yafa mayafinta na unguwa, ta je ofis da kanta, Nomau na biye da ita. Ta ce rumfar ba ta tare wa kowa hanya ba. Malam Haladu, don ya rabu da tsohuwa lafiya, ya ce, "To, a kawo mini takarda, duk mai bin hanyar nan ya dangwala hannu cewa ba ta dame shi ba, sai mu gani." Nomau ya zo wurina neman takarda da fenti. Na ba shi babban kwali da shuɗin fenti, don alheri a jinina yake. Ya zauna bakin hanya ranar kasuwa, babu wanda ya wuce bai dangwala ba, har da liman. Da na ga aikin yana neman tafiya daidai, sai na leƙa na ce, "Nomau, jakunan nan fa, ta sama suke bi?"

Ya dubi hanya. Ya ce, "Wallahi ta ƙasa suke bi."

Jaki na farko ya yarda. Na biyu ma haka. Na uku, na wani mai itace ne, ya harbi gwangwanin fentin ya sauka a tiren mai tallan nono. Duk da haka Nomau bai fasa ba, har kaji ya kama. Da ya kai kwalin, Malam Haladu ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya share hawaye ya ce ba zai iya kai wa shugabansa takarda mai sawun kofato ba. Kwana uku Inna ba ta amsa gaisuwata, in na miƙa kwano sai ta ce waina ta ƙare, alhali ina ganin ta. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani da safiyar rana ta huɗu: ta gama suya ba ta tashi ba, ta dafa ƙafar rumfar nan mai jan fenti, ta daɗe tana shafa wurin da mijinta ya sassaƙe da gizago. Ranar ko barkwanci ɗaya ban yi ba, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata rana, ana gobe wa'adi, Malam Haladu ya biyo yana jan kunnen mutane. Ya tsaya gaban Nomau ya ɗaga yatsa. "Gobe da hantsi zan zo da masu rushewa. Kada in tarar da ƙafar rumfar nan ko ɗaya tana taɓa ƙasar gwamnati." Nomau ya ce to. Ya ɗauko diga ya tone ƙafafun duka huɗu, ya shiga tsakiya ya ɗaga rumfar a ka, ya tsaya. Inna, da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, ta ce, "Kai wannan, haka za ka tsaya har yaushe?"

"Har ya zo ya gani, Inna."

Bai yi rabin awa ba wuyansa ya fara rawa. Sai ya hango baro huɗu na masu buga bulo a gefen shagona, ya ce in roƙa masa aro. Na roƙo da gudu, don na san gobe akwai kallo. Ya saka kowace ƙafa a cikin baro guda, ya cika da laka ya daddaƙe. Ni kuma na bi gari ina shela cewa wanda bai zo gobe ba ya yi asara.

Da hantsi suka iso da guduma da ƙarafa. Suka fara daga bakin kasuwa: rumfar mai shayi ta faɗi, ta aski ta faɗi, ta mai faci ta faɗi. Ta gaban shagona ma, da na yi wa ado da fenti kala uku, ta tafi. Suka zo kan ta Inna, tana ciki tana juya waina. Malam Haladu ya zaga sau biyu. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi. Ya fito da littafin dokarsa ya buɗe, ya bi layi da yatsa, ya koma farko ya sake bi. Ni kuwa ina gefe ina danne dariya.

Babban mai guduma ya ce, "Yallaɓai, mu fara?"

"Ku fara me? Littafin nan cewa ya yi abin da aka kafa a ƙasa. Wannan a kan taya take. Abu mai taya ba aikin ofishinmu ba ne."

"To aikin wa ne?"

"Oho. Ku wuce gaba."

Nan dariyata ta ƙare. Ni mai aji biyu rumfata tana ƙasa, ta Nomau tana tsaye. Inna ta zuba waina a faranti ta miƙa wa Malam Haladu, ya karɓa yana waige-waige. Nomau ya matso ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ka gani? In sauke ta yanzu?"

"Kada ka kuskura! Sai na ce ka sauke."

Shekara goma sha tara Inna ta ƙara tana suya a ƙarƙashin rumfar nan kafin Allah ya karɓi abarsa. Masu bulo sun yafe baronsu tuntuni. An sauya wa Malam Haladu wurin aiki, daga baya muka ji ya yi ritaya ya koma garinsu. Hanyar ma an karkatar da ita ta bayan gari, yanzu ko akuya ba ta cika bi ta nan ba. Bara na je na tarar da Nomau, gemu duk furfura, yana durƙushe yana sauya tayar baro ɗaya, ya tallafe ƙafar rumfar da kafaɗa don kada ta taɓa ƙasa. Na ce, "Haba Nomau, ai babu mai dubawa yanzu. Ka sauke ta ka huta."

Ya ɗago ya dube ni kamar ni ne wawan.

"Bai ce ba tukuna."