Rasuwar Marka, Kwamfutar da Aka Ara Don Baƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Malama Badi'a, mai koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata da ke Getso, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutata ta ɗorawa a cinya, wadda ɗalibaina suka raɗa wa suna Marka. Ta rasu ranar Talata da hantsi a ofishin shugaban makaranta, ba ta yi jinya ba.

Marigayiya 'yar gwanjo ce. Tunkiyata na sayar na sayo ta a Kano shekarar da man fetur ya tashi, lokacin da zuwa taron malamai a Gwarzo ya fi ƙarfin albashina. Ta zo da tsufanta: batirinta ba ya riƙe wuta, harafi ɗaya ya ɓalle, in an kunna ta sai ta yi "wuuu" kamar injin markaɗe kafin ta buɗe ido. Amma ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

A hannunta na koyi aikin haɗin gwiwa ta intanet. Shafi ɗaya muke buɗewa, ni a Getso, Malam Nata'ala a Gude, Malama Ikilima a Kabo, kowa na rubutu sauran na gani nan take. Ranar farko da na ga haruffa suna fitowa da kansu ban taɓa komai ba, sai da na ja da baya na yi a'uziyya. Na goge wa Malam Nata'ala aikinsa ban sani ba, na mayar, na sake gogewa. Marka ba ta yi mini dariya ba, "ting" kawai take cewa in wani ya bar mini gyara. Haka muka yi ta haɗa littafin bita na 'yan ajin ƙarshe, don yaranmu ba su da littattafai kuma jarrabawa ta matso. Babin da aka ba ni, na ƙididdiga, rabi na yi.

Ga yadda ajali ya same ta. An ce baƙi daga wata ƙungiya za su zo duba makarantun da za a raba wa kwamfutoci. A makarantarmu kuwa in baƙi za su zo, aro ake yi: kujeru daga maƙwabta, labule daga gidan wani, har tukunyar fulawa. Shugabanmu, Malam Badaruddeen, ya kira ni ya ce, "Malama, a taimaka mana da na'urar nan zuwa azahar, kada a ce ba mu da komai." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba mu da komai ɗin, shi ya sa za su zo." Ya ce in bar masa wannan, shi ya san hannun baƙi. Na ji nauyinsa na miƙa.

Ban sani ba ashe har ya sa Jalo masinja ya rubuta sunan makaranta da farin fenti a bayanta. Suka jona ta da wani ƙaramin janareta da aka aro wajen mai cajin waya, wanda ko fanka ba ta yarda da shi. Jalo ya ce "fat" ɗaya ta yi, hayaƙi ya fito ta gefenta. Cajarta ma ta bi ta. Sai aka rufe murfinta, aka goge ta da tsumma, aka gyara mata zama.

Baƙi suka zo suka ɗauke ta hoto, suka yaba, ba wanda ya ce a kunna. Da za su tafi suka ce tunda makarantar nan ta fara da kanta, za su ba wa waɗanda ba su da ko ɗaya. Malam Badaruddeen har tafi ya yi musu. Ban yafe ba, kuma na faɗa masa a gaban malamai.

Marigayiya ta bar jaka ɗaya da maus maraya. Ta bar abokan aiki biyu da ke buɗe shafi kullum su ga sunana a dushe. Ta bar 'yan mata cike da aji suna tambayata yaushe za a buga musu babin ƙididdiga. Na gwada ƙarasawa a wayata, allonta a fashe yake, alamomin lissafi sun ƙi fita. Na tambayi limamin unguwarmu hukuncin wanda ya ari abu ya yi sakaci da shi, ya ce biya ne. Na kai wa shugaba fatawar, ya nuna mini fentin, ya ce kayan makaranta ba sa fita sai da izini daga sama.

Saboda haka babu lokacin jana'iza, don ba a ba ni gawa ba. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin malamai bayan tashi. Mai waya mai lafiyayyen allo ya zo da ita, aro nake so zuwa jarrabawa, kuma ni ba na shafa fenti. Mai son yin ban kwana da Marka ya leƙa ofishin shugaba, tana kan tebur a rufe, an ɗora mata ƙyalle mai ado. Wasu baƙin za su zo mako mai zuwa, kuma Malam Badaruddeen ya ce a goge ta da kyau.