Filash a Cikin Tabarmar Makoki

"Ya hanya? Ya ka baro Gwaggo?" Ulamila ta tambaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Lafiyarta ƙalau. Cewa ta yi in zo in duba ko munin nan naki ya ragu."

Sairusi ne, ɗan gwaggonta kuma abokin wasanta, mai gyaran kwamfuta a garin Labasa. Da a da ne, kafin ya rufe baki ta rama. Yau kuwa tana zaune dirshan a tsakar ɗaki, tabarmi a warware ko'ina, idonta jawur.

Saura kwana uku a cika dare ɗari da rasuwar mahaifinta, ranar da dangi za su taru a tuɓe baƙaƙen kaya, kuma ta yi musu alkawarin za su ji muryarsa. Shekara guda ta yi tana ɗaukar muryar tsohon yana lissafo kakanni da iyakokin gonakin dangi. Iskar teku mai gishiri ta cinye kwamfutar, muryar ta rage a filash ɗaya tal, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. To, a ƙauyen nan ɗan'uwa ba ya roƙonka abu ka ce a'a, kuma filash biyu aka taɓa ara a hannunta suka dawo cike da waƙoƙi. Shi ya sa ta ƙulle wannan a leda, ta cusa cikin wata naɗaɗɗiyar tabarma can ƙasan tarin tabarmi. Ranar jana'iza mata suka kwashe tarin aka raba wa masu gaisuwa kamar yadda aka saba, ita tana can tana kuka. Sai shekaranjiya ta tuna. Tabarmar da aka bayar a makoki kuwa babu mai bakin cewa a dawo da ita.

"Me kike nema haka, kamar kaza ta ɓatar da ƙwai?"

"Hankalinka nake nema. Gwaggo ta ce a nan ka yar da shi kana yaro."

"Yauwa, ashe kina da rai." Ya zauna ya miƙe ƙafa. "Ni kuwa arziki na yi. Tabarmar da aka ba gidanmu ta haihu."

Ta ɗago kai da sauri. "Ta haifi me?"

"Wata 'yar baƙa, kamar ɗan yatsa, a cikin ledar burodi. Wata mai hikima ce ta ɓoye ta a cikin abin da aka saƙa don a kyautar."

Ulamila ta dafe ƙasa da hannu biyu. Sannan ta miƙa masa tafin hannu. "Sairusi, ba ni."

"In ba ki? Kyautar makoki? So kike a ce 'yar marigayi ta bi tabarma har Labasa ta ƙwace? Kuma ni ɗan 'yar'uwarsa ne. A al'adarmu, ko aladen Kawu na kama a gidan nan, babu mai ce min kanzil."

"Alade dai ka kama, ku tafi tare, kun yi kama. Wannan muryar ubana ce."

"Muryar kawuna ce. Shekara guda kina ɗaukarsa, kika zuba a wuri ɗaya tak. Ko gwaza ba a shukawa a gona ɗaya saboda guguwa."

"Daga irinku na ɓoye ta, masu aron abu su dawo da shi da cuta."

"Mu kika tsere wa, kika kai ta ga danshi. Kin san yadda na same ta? Bakinta ya yi tsatsa. Na sa a na'ura, shiru."

Ta dube shi tana neman alamar wasa a fuskarsa, ba ta gani ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko a bakin kabari, don a ranar tana ganin akwai sauran abin da ta riƙe.

"Ta mutu ke nan?"

"Kwana huɗu na yi ina lallashinta." Muryarsa ta sauka. "Ban faɗa miki ba, don ban san abin da zan ce ba in ta ƙi. Ta buɗu sau ɗaya, na kwashe duka. Tun daga nan ba ta sake motsi ba."

Ya zaro filash biyu sababbi, kowacce da zare ja a wuya, ya ajiye a gabanta.

"Ɗaya taki, a kwalba mai murfi, nesa da taga. Ɗaya a kai gidan fasto. Ta uku tana wurina, kuma ko kin roƙa da haƙorin whale, ƙaton kifin tekun nan, irin wanda ake kai wa sarakuna, ba zan bayar ba."

"Mugu," ta ce, hawaye na zuba. "Shi ne ka bar ni ina warware tabarmi."

"Ɗakin ma yana son shara."

Ya ciro wayarsa ya danna. Aka ji tari, sannan muryar tsohon, a dushe, kamar yana zaune kusa da su: "Ta fara ɗauka? Ulamila, in mun gama ki ba Sairusi ya ajiye ɗaya. Ke fa in kika ɓoye abu, har kanki kike ɓoye wa."

Ulamila ta toshe baki da hannu, dariya ta ƙwace mata cikin kukan.

"Ku biyu kun haɗe min kai," ta ce tana goge ido. "Na ji. Akwai kifi da madarar kwakwa a tukunya, ɗauki kan kifin, naka ne. Amma mayar da muryar baya tukuna, in sake jin tarin nasa."