Ramukan Da Na Toshe A Motar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da shekarar farin da na buɗe rumfar gyaran jikin mota a Sabon Birni ba. Wata goma sha huɗu kacal na yi gun maigidana a Isa, na ga ai na fi ƙarfin tsoho, na tattaro gudumata na taho.

Aikin farko da na samu akori-kurar wani Alhaji ce mai jigila zuwa garin Burkusuma. Tsatsa ta cinye ƙarfen da ke ƙasan gilashin gaba, ta cinye turakun ƙofofi. Direbobin tasha suka zuba ido: in aikin ya yi kyau su daina kai motocinsu Isa.

Na fasa gangar mai don in samu ƙarfen faci, na buge ta, na lanƙwasa, na yi walda. Sai na lura tsohon ƙarfen duk ramuka ne, ƙasan gilashi da gindin turaku. Na yi tsaki. Ramukan zubar ruwa a garin da gero ke bushewa tsaye? Ƙura kawai suke shigarwa. Na toshe su tas, na shafe da fenti, har ina gaya wa direbobi wai masu ƙera motar ba su san ƙasarmu ba (ni da ko Sakkwato sau biyu na taɓa zuwa).

Ranar da gari ya fita roƙon ruwa, Alhaji ya ɗauko Liman a gaban mota, ni ina baya da sauran jama'a, ina ta nuna aikina. Muna hanyar dawowa hadari ya haɗo, sama ta sako.

Kowa na hamdala, ruwa kuwa na taruwa inda na hana shi fita. Ya bi ta gun shigar iska ya kwararo kan cinyar Liman, ya kwanta a ƙasan mota har idon sawu. Da aka buɗe ƙofa a tasha, takalmin Liman ne ya fara fitowa.

Alhaji ya ce, "Kai, mi kay yi ma wagga mota?"

Na ce, "Alhaji, na ga ba a ruwa ne."

Liman ya matse rigarsa, ya dube ni. "Ɗana, mu muna can muna roƙo, ashe kai ka riga ka yanke ƙauna, har ka sa mata walda."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari direbobi suka koma Isa, ni ma na bi su, na durƙusa gaban tsoho. Yanzu ramin da ban san dalilinsa ba, ko na ƙusa ne, sai na tambaya.