Bututun Wabwile da Wankan Surukarsa

"Gas ai iska ce," in ji Wabwile, "iska kuwa ko ta kafar makulli wucewa take."

Haka ya faɗa wa duk garin Kitale ranar da ya sallami mai haɗa gas, don mutumin ya ce a sa bututu mai kauri. Sarkin sani ya auna da ɗan ƙaramin yatsansa, ya sayo siriri kamar tsinken tsire. Ya zagaya da shi bayan gida, yana lanƙwasa shi kwana bisa kwana, ya rataya masa murhu da tanda da tukunyar ɗumama ruwan wanka. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kama. Abokina, bai taɓa kunna su tare ba.

Duk wannan don surukarsa ne, Mayi Nabalayo, wadda ta daɗe tana gaya wa 'yarta Nasambu cewa mijinta baki ne kawai. A wurinmu kuwa suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, saƙo ma sai ta bakin 'ya. To, aikinsa zai yi magana a madadinsa.

Tsohuwa ta iso. Da safe, sanyi na cizo, ta shiga wanka. Nasambu ta sa kaza a tanda, ta ɗora ruwan tuwo. Nan take ruwan wanka ya koma ƙanƙara, aka ji tsohuwa tana kiran kakanninta da sunayensu.

Gwani ya ce a kashe murhu. Aka kashe. Tsohuwa kuwa ta riga ta murɗe famfon zafi har ƙarshe, sai ruwan fige kaza ya sauko mata. Ya ce a kunna. Tuwo ya yi gudaji, kaza tana kwance fara fat kamar mai jinya.

"Baban yara," in ji Nasambu, "zaɓi ɗaya, uwata ko tuwo."

Ya ce duka biyun zai ba ta, shi zai raba gas ɗin da hannunsa. Makunnin rabon kuwa a gindin ƙofar banɗaki ya dasa shi. Yana tsugune yana murɗawa ƙofa ta buɗe. Ga Mayi Nabalayo, ɗaurin ƙirji, kumfa a kunne, ido cikin ido.

Na ga abubuwan baƙin ciki da yawa a tsufana, amma ban ga irin kunyar nan ba.

Dattawa suka yanke masa rago na wanke kunya. Da aka feɗe, bakin Wabwile bai mutu ba, ya aika ta bakin matarsa a ce za a gasa a tandarsa.

Tsohuwa ta juya masa baya, ta dubi 'yarta.

"Gaya wa mijinki a nemo itace. In aka sa ragon nan a wutarsa, ɗumi zai ji ya tashi ya koma gida."