Ledar da Ta Kashe Kwamfuta Arba'in

Ranar Talata da hantsi kwamfutata ta yi tari sau biyu, ta buso warin ƙonannen gashi, ta cika a hannuna da rabin zanen kujera a fuskarta. Ga wanda bai sani ba, da zane nake ci a wani ɗan shago mai tebur biyu. Wani mai kamfanin kujeru ya ba ni aikin littafin tallarsa, shafi sittin, ya ce ranar Litinin ko ya karɓa ko ya miƙa wa maƙwabcin shagona, wanda ya daɗe yana yi wa kwastomomina murmushi ta taga. Ban taɓa samun aiki mai girmansa ba.

Na sungume ta sai wajen mai gyaranmu, wanda duk layin ke kira Likita. Ya buɗe, ya shinshina, ya yi mini ta'aziyya. Furosesa ce ta tafi, wato ƙwaƙwalwar, ta kuma tafi da allon da take zaune a kai.

Ina cikin lissafin aljihu sai ga Kawu yana haki. Kawu ya shekara talatin yana jan tirela, da ya ajiye aiki sai ya gano wasan tuƙin tirela a kwamfutata, kullum bayan la'asar yana shagona yana zagin direbobin da babu su. Ya ce zai ba da rabin kuɗin sabuwa, da sharaɗi guda.

"Kada motata ta riƙa makyarkyata a gangara, ɗan nan. Da mutuncina."

Likita ya zaunar da mu ya yi mana karatu. Wasa, in ji shi, yana son furosesa mai gudu ko da kawunanta kaɗan ne. Zane kuwa yana son mai kawuna da yawa, kowanne ya ɗauki nasa kayan. Mai shida za ta sulhunta ni da Kawu. Da muka zube abin da ke hannunmu, ya duba, ya ce wannan sai dai mai huɗu, ita ma wadda ta ga jiya.

Can ya rage murya. Akwai gwanjo gobe a wata ma'aikata. Kun tuna kwamfuta arba'in ɗin da aka yanka wa kirtani bara, aka ce daga ranar kowa zai karɓi takardarsa cikin minti biyar? To, su ne. Kowacce in an kunna ta, minti goma sai ta ɗauke. Kwamiti mai mutum tara ya zauna sau uku, ya sha lemo, ya tabbatar da rasuwarsu. Za a sayar da su a kuɗin ƙarfe, babu gwaji, babu mayarwa. Amma lambar da ke jikinsu ta nuna furosesa mai kai goma sha biyu, irin wadda sai mutum ya sayar da babur.

Na ce in kuma da gaske matattu ne fa? Ya ce to sai mu samu abin ɗora ƙafa.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Washegari na tsinci kaina a sito ina ɗaga hannu, Kawu na zungurina in ƙara. Sai da muka ci guda na lura da wurin. Kujeru cikin leda, agogon bango cikin leda, har abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Mai sito ya yi mini bayani cike da alfahari: Ranka-ya-daɗe Mai Babban Tebur ne ya ba da umarni kada a ɓare ledar kowane kayan hukuma har sai masu bincike sun zo sun shaida sabo ne. Masu binciken kuwa motarsu na layin mai tun bara. Mai Babban Tebur da kansa ya tsaya a kan masu haɗa kwamfutocin don kada wani ya yi ganganci.

Muka kai ta shagon Likita, muka kunna. Ta tashi tsaf, Kawu har ya fara gyara zama. Minti goma cif, fankar cikinta ta yi kururuwa, fuska ta yi baƙi. A raina na hango maƙwabcina yana buga shafi sittin ɗina yana fito.

Likita ya buɗe ta. Ya kwance ƙusa huɗu, ya ɗaga ƙarfen da ke sanyaya furosesa, ya juya shi. Sai ya fara dariya har da riƙe tebur. A ƙasan ƙarfen ga wata 'yar leda shar, da jan rubutu ɓaro-ɓaro cewa a cire kafin a ɗaura. Shekara guda baiwar Allah tana aiki da bargo a fuska, zafi ya ishe ta ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Ya sa farce ya ɓare, ya shafa ɗan man da ake shafawa, ya mayar. Jama'a, hoton da nakan je sallah in dawo tsohuwar kwamfutata ba ta gama ba, wannan kafin in ɗaga kofin ruwa ta aje shi. Ranar Lahadi da azahar na miƙa littafin. Mai kujeru ya juya shafi uku, ya tambaye ni ko ina yin kalanda.

Yau da safe na ji a rediyo cewa masu girma sun gano matsalar: waɗancan kwamfutocin ba su da ƙarfi ne, don haka an amince a sayo wasu arba'in da suka fi su. Ni dai ina jinjina wa wannan hangen nesa, Allah ya ƙara wa Mai Babban Tebur son tsabta. Ku kuma masu karatu, in kuna da ɗan'uwa a waccan ma'aikata, don girman zumunci ku naɗe jaridar nan ku sa a ƙarƙashin katifa kada ya karanta wannan labari. Kawu yana son tasa ta kansa a gwanjon baɗi.