Filin da Sojoji Ke Kira Mashaya

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na kai iyalan sojoji tafki da hannuna ba. (A takarda dai, alhamdu lillahi. Da a zahiri ne, da daga gidan yari nake rubuta wannan.)

Lokacin ina sabon ma'aikaci a ofishin kula da muhalli a Dutse, digirina ko ƙura bai yi ba. Wani barikin sojoji da ke wajen gari ya nemi a tsara masa inda za a kwashe mata da yara idan ambaliya ta zo, don ruwan bara har cikin ɗakuna ya shiga. Shugabanmu ya miƙa mini aikin, ya ce idan tsarin ya karɓu, ni zan riƙe sashenmu. Tun ranar na canza tafiya.

A watan Maris na je, rana kamar ta fasa kai. Aka haɗa ni da wani dattijon saje, Baba Buba, Bafulatani mai ƙarancin magana. Ni kuwa tun a kwamfuta na riga na zaɓi wurina: wani fili shimfiɗaɗɗe a bayan bariki, ba dutse, ba itace, sai ka ce an share shi domina.

Baba Saje ya dubi filin, ya dube ni. "Injiniya, nan fa Mashaya ake ce masa."

Ni ɗan malamin allo ne daga Yalwawa, kuma na sha jin labarin sojoji da kwalba. Sai na gyara murya. "Ai shi ya sa, Baba. Wurin saɓo ya koma wurin ceton rai. Kun ga lada biyu ke nan."

Ya buɗe baki, ya rufe. "To, Allah ya ba da sa'a."

(Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Har tausayinsa na ji.)

Na sa aka kafa allo ƙato: MATATTARAR IYALAI LOKACIN AMBALIYA. Ban sake leƙa wurin ba sai cikin Agusta, ranar da zan gabatar da tsarin, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa. Na sha babbar riga, na yi awa guda ina zuba bayani a gaban Kwamanda da hafsoshinsa da shugabana. Da na gama, Kwamanda ya ce a je a gani da ido. Ni ne a gaba, ina nuna hanya.

Muna zagaya katanga na tsaya cak. Ruwa ne malale iya ganinka. Allona yana can tsakiya, kalmar AMBALIYA ma ta nutse, balbela ta sauka a kansa. A bakin ruwan kuwa shanu ne sun jeru suna sha hankali kwance.

Mashaya. Ta shanu.

Kwamanda ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kwale-kwalen a shafi na nawa yake?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage, da na shige har da hula. Shugabana ya shiga duba takalminsa. Baba Saje ne ya cece ni. Ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai tudun da mahaifina ke kwantar da shanu da damina, can gindin duwatsu. Ruwa bai taɓa hawa ba." Can aka mayar da matattarar, kuma can take har gobe. Sashen kuwa wani aka ba, kuma ban ga laifin kowa ba.

Abin da ya fi ciwo, sunan ya bi ni gari. Rannan wani soja ya hango ni a Yalwawa tare da mahaifina, ya ɗaga murya: "Injiniya Mai Mashaya! Yaushe za ka sake leƙo mu?" Sai da na kwashe sati ina yi wa mahaifin nawa bayani.

Yanzu duk filin da aka kai ni, kafin in buɗe kwamfuta sai na tambayi sunansa. Sannan in tambayi waye yake sha.