Ranar da Kazata Ta Yi Wa Shugaba Amai

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zama likitar kaji ba, ko da zan manta sunan makarantar da na yi. Lokacin muna tsohon Zongo na Lome, kafin a tashe mu a kai mu bayan gari, ina 'yar budurwa mai ji da kanta. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, kowace makaranta tana da ƙungiyar animasiyo, wato 'yan rawa da waƙar yabon Shugaba. Duk ranar da babban baƙo ya sauka, sai a kwashe mu a jera a bakin titi, mu yi ta karkaɗa kafaɗa har rana ta gasa mu.

Ni kuwa ba ni da burin da ya wuce sahun gaba. Su ake ɗauka a hoto, su ake nunawa a talabijin ɗin gidan Alhajin layinmu, inda unguwa guda ke taruwa kallo. Na daɗe ina fafatawa da wata Rakiya a kan gurbin nan, har Allah ya ba ni sa'a Mushe, malamin da ke koya mana rawar, ya ce ni zan tsaya a tsakiya. Aka raba mana atamfar anko mai hoton Shugaba. Telolin zamanin sun san aikinsu: ba a yanka fuskar, ba a kuma barin ta ta faɗo inda mutum zai zauna a kai. Tawa ta zauna daram a ƙirjina, tana murmushi.

To, ina da wata 'yar budurwar kaza da gwaggona ta ba ni tun tana tsako. Al'adar gidanmu ce a ba yarinya kaza, wai ta haifo mata akuya wata rana. Na sa mata suna Madam saboda yadda take tafiya. Ina son kazar nan, son da ya kusa kashe ta: guntun dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, nata ne, ƙullun kokon da ya kwana nata ne, har doguwar ciyawa nake tsinko mata daga bakin kwata (a tunanina gata nake yi mata).

Ranar taron na yi wanka tun da asuba, na shiga riga, na kafa ɗauri, na fito tsakar gida don a gan ni. Maimakon masu kallo sai na tarar da Madam a takure jikin turmi, fikafikai a sake, ido a lumshe. Jakar abincin da ke gindin wuyanta ta kumbura ta yi tsiri gefe guda.

Mahaifiyata, da muke kira Mma, tana ɗaura kayan da za ta kai rumfarmu a kasuwar Adawlato. Ta duƙa ta latsa wurin da yatsa.

"Kazar da ke lafiya da jaka wayam take tashi da safe," in ji ta. "Da ta yi tauri kamar dutse, da na ce toshewa ce. Wannan ta yi luɓus. Shinshina bakinta."

Na shinshina. Tsami ya bugi hancina har sai da idona ya kawo ruwa.

"Abincin ne ya ruɓe a ciki. Ki raba ta da ci yau, ki ɗiga mata man ja kaɗan, ki murza mata a hankali. Amma ki cire rigar nan tukuna."

Ta ɗauki kayanta ta fita. Na ji duk abin da ta ce, sai dai jimlar ƙarshen ce ta bi iska. Cire riga na nufin kwance ɗauri, ɗaurin da na sha wahala kafin ya tsaya. Na ce a raina ai ni mai tsabta ce, ɗan man ja ne kawai.

Na zauna a kan turmi, na rungume Madam a ƙirji kamar jaririya, na buɗe bakinta na ɗura man (Mma ta ce kaɗan, ni kuwa hannuna bai san kaɗan ba). Na shiga murzawa. Da na ga ba ta motsa ba sai na ƙara ƙarfi, har na ɗan karkata ta, abin da daga baya na ji yana iya shaƙe kaza ta mutu. Madam ta miƙe wuya, ta dube ni da ido ɗaya, ta juye duk abin da na ciyar da ita a makon nan. Bai sauka a ƙasa ba, bai sauka a zanena ba. A bakin Shugaba ya sauka.

Na wanke da sabulu, na goga da toka, na matsa lemun tsami. Dokunu ya fita, man ja ya ce yana nan. Ya bazu daga leɓe zuwa haɓa, Shugaba ya koma kamar wanda aka taso daga kan kwanon miya. Rashin zuwa kuwa ba ya cikin lissafi, don wadda ba ta je ba iyayenta ake kira su yi bayani. Na kife Madam a ƙarƙashin kwando da ɗan ruwa, na dafe ƙirji na kama hanya.

A bakin titi na tsaya a gurbina, hannun dama manne da ƙirji, ina rawa da rabin jiki. Sai ga wani babban ɗan jam'iyya yana zagayen duba sahu, Mushe na biye da shi. Ya tsaya a gabana. Na ce shi ke nan, yau Baba zai kwana a inda ba a son kwana.

"Kun ga wannan kamarad ɗin?" in ji shi da ƙarfi (haka 'yan jam'iyya ke kiran nasu). "Ta riƙe Shugaba a zuciyarta. Kowa ta yi haka!"

Nan take 'yan mata suka dafe ƙirji, har da Rakiya, tana hararata. Wallahi sai da na ji kaina ya fara girma. Har na soma tunanin wataƙila ma a ba ni lambar yabo.

Na manta cewa waƙar tana da wurin da ake ɗaga hannu biyu sama a kira sunan Shugaba. Ganga ta kai wurin, jikina da ya sha horo bai tsaya shawara da ni ba. Hannuwa suka tashi. Rana ta haska man ja, ƙudaje da ke ta kewaya ni tun ɗazu suka samu masauki.

Mutumin ya dubi ƙirjina, ya dubi sama. Mushe ya dubi takalminsa. Na ga bakin babban yana motsi, amma me zai ce? Duk wanda ya furta cewa bakin Shugaba ya yi dumu-dumu, shi ya faɗa, kuma a gaban shaidu. Sahu guda na mutane suka ga abu, suka ji warinsa, babu wanda ya gani. Can ya yi gyaran murya.

"Mushe, yarinyar nan ta cika tsawo. A mayar da ita baya."

Ni da ko kafaɗar Rakiya ban kai ba. Haka na ratsa sahu-sahu ina jin dariyar da ake haɗiyewa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da daddare unguwa ta taru a gidan Alhaji, aka nuno Rakiya a gurbina tana washe baki. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

Mma ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗaga rigar ta duba, ta ninke ta fuska a ciki, ta tura ƙasan adaka, ta ce kada in kuskura in shanya ta a waje. Madam kuwa washegari jakarta ta saɓe, ta fito tana taƙama kamar ba ita ba. Ta rayu ta yi 'ya'ya, ko da yake akuyar har yau ban gan ta ba.

Abin da na koya shi ne, in uwa ta ba da umarni a saurara har ƙarshe, kuma a yi jinyar kaza kafin a yi kwalliya. Sahun gaba dai ban sake shinshinarsa ba. Amma ina alfahari da abu guda: a duk shekarun nan, a duk faɗin ƙasar, kazata kaɗai na sani ta fitar da abin da ke cikinta a gaban Shugaba, ta kuma kwana a gida lafiya.